Indararo

Babana Barmu magini ne a Birni.
Kafin ya aza tubalin fari
sai ya tuttule ruwan buta a ƙasa,
ya tsuguna yana kallon inda zai bi.
Mai gida na zancen zayyana da zanko,
shi yana zancen indararo.
Yakan ce, soro ba ya mutuwa da tsufa,
ruwan da ya rasa ƙofa ke kashe shi.

Ni ginina ba ya ɓata zane.
A wani ɗaki a Sabon Gari, ƙarƙashin fanka mai tari,
nake aza layi kan layi cikin kwamfuta
ranar da wutar lantarki ta ga dama.
Bara aka ba ni aiki:
in tsara wa masu kwasar shara hanya,
kowane amalanke da unguwarsa a cikin salula.
Na ja zare ja daga Zango ya ratsa Birni,
miƙaƙƙe, babu kwana, babu ɓarnar taki.
Na so shi kamar ɗan fari.

Nomau ya riƙe salular nesa da ido,
jakinsa na cizon igiya.
Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.
Sa'ade, wannan lungun da kika tura ni
faɗinsa jaki ɗaya ne da mangala.
Amalanke in ya shiga, sai an rushe gida.
Nan kuma dutse ne, tun kakanni ake kewaye shi.
Nan da damina kududdufi ne.
Ke kin tambayi takarda,
ba ki tambayi ƙafa ba.

Lungun na sani.
Babana ya gyara katangarsa ina ƴar shekara tara,
ya sa aka koro jaki da kaya ya wuce
sannan ya ja igiyar awo.

Kwana goma ina bin Nomau da ƙafa.
Leda baƙa na lilo a ƙayar aduwa.
Yana fara kwasa daga tudu ya gangaro,
don kada jaki ya hau da nauyi.
Ba ya cika amalanke fal:
wanda ya cika tun safe, in ji shi,
ba shi da wurin mushen akuyar la'asar.
Kuma ba ya ɗaukar komai da ka.
Abin da ke yashe tsakar hanya nasa ne,
wanda aka jingine da bango sai ya yi sallama:
Akwai mai shi?

Na koma na warware zarena.
Can na tarar da wata cutar:
manhajar tana riƙe duk abin da ta taɓa gani,
gidan jiya, hanyar shekaranjiya,
har ta kumbura, ta tsaya cik
kamar rufin da ganye ya toshe wa maƙogwaro.
A cikinta ma akwai mai shara, marar jaki,
yana zagayawa yana tambayar kowane kaya,
in babu hannun da ke riƙe da shi ya kwashe.
Ni ce ban saki ba.
Na huda mata indararo. Ta numfasa.

Yanzu hanyar a karkace take, tana kewaye dutse,
kuma amalanke na dawowa kafin azahar.

A zaurenmu, jingine da bango,
akwai cokalin gini da igiyar awo.
Damina uku ke nan ba wanda ya ɗaga su.
Tsatsa ta ci bakin cokalin.
Ranar Talata Nomau ya tsaya a ƙofa,
ya dube su, ya dube ni.
Akwai mai shi?
Na ce, akwai.
Ya kaɗa jaki, suka gangara.